Wa Ya Rubuta Wannan?

Ranar da aka kawo gawar Nils Ekdahl cikin gari a bayan keken doki, Orpha Burdick ce ta wanke ta, don matarsa Karin ta kasa tsayuwa da ƙafafunta. Harsashi ɗaya ya shiga ta baya ya fita ta ƙirji, ɗaya ya tafi da rabin muƙamuƙinsa, ga shatar igiya a wuya, alamar an ja shi a ƙasa a bayan doki. Laifinsa shi ne ya kewaye rijiyarsa da waya mai ƙaya, shanun Kanar Rainey suka zo shan ruwa suka tarar da ita a rufe. Karin tana kwance cikin masara lokacin da aka yi abin. Ta ga fuskokin mahayan, ta kuma faɗa wa Orpha sunayensu da guntun Turancinta na 'yan Sweden, tana riƙe da gefen teburin da aka shimfiɗe mijinta. Mutum huɗu ne. Da ta zo kan na huɗun sai ta sunkuyar da kai, don Dell Yoakum ne, ƙanen Orpha uwa ɗaya uba ɗaya.

Duk garin Bell Creek an san waɗanda suka yi, kuma duk garin aka ja baki aka tsuke. Sherif ɗinmu, wato shugaban 'yan sandan yankin, ya hau doki ya je ya leƙa rijiyar kamar a cikinta masu kisan suke, ya dawo ya ce ɓarayin dawaki ne 'yan wucewa. Ba wanda ya musa masa, don rabin garin a inuwar Kanar Rainey suke cin abinci, sauran rabin kuma tsoronsa suke ji. Shi Kanar ɗin ma bai taɓa jin warin albarushi a fagen yaƙi ba. Yawan shanu ne ya ba shi muƙamin, kamar yadda aka saba a jihar Kansas ta Amurka a wancan zamanin.

Mijin Orpha, Ansel Burdick, shi ne editan jaridar garin, shi ne kuma mai ita. Daga Ohio ya taso da injin buga jarida a bayan keken shanu, ya kafa shi a garuruwan da suka mutu suka bar shi, kafin ya sauke kaya a namu. Ya taɓa rubuta littafi a kan ƙetare daji da ayarin masu neman ƙasar noma, kuma ba ya bari baƙo ya gama shan kofi bai ji labarin littafin nan ba. Mutum ne mai ji da kai, mai kaifin baki, mai daɗin zama in ya ga dama. Orpha tana sonsa da duk wannan, har da ji da kan.

A lokacin ba a sa suna a ƙarƙashin rubutu a jarida. Duk abin da ya fito, edita ne ya faɗa. In an taɓa ka, sai ka ɗauki bulalarka ko bindigarka ka je ka tsaya a ƙofar ofis ka ce, "Wa ya rubuta wannan?" edita kuwa ya fito ya ce, "Ni ne." Ba ya cewa wane ne ya kawo masa, ba ya cewa kuskuren mai jera haruffa ne. Editan da ya yi haka ya gama yawo, ko kare ba zai ƙara kaɗa masa wutsiya ba. Ansel yana da tabon bulala daga kunne zuwa haɓa, da harsashi a cinya wanda likita ya kasa cirewa, kuma yana ji da su fiye da littafinsa.

Abin da garin bai sani ba shi ne idanun Ansel sun daɗe da tafiya. Yana gane mutum daga tsayinsa da muryarsa, yana ganin hasken taga, amma rubutu ya zame masa toka-toka. Orpha kaɗai ta sani. Shi yakan yi ta kai da kawowa a ofis, hannu a baya, yana faɗar maganarsa, ita kuwa tana tsaye gaban akwatin haruffan dalma tana tsinto su ɗaya-ɗaya tana jerawa. Ba takarda, ba alƙalami, daga bakinsa sai dalma. In an buga shafin farko sai ya ɗaga shi wajen taga ya ƙura masa ido, don masu wucewa su ga edita yana duba aikinsa.

Ranar Alhamis ya fara faɗa mata: "Muna baƙin cikin sanar da rasuwar Mista Nils Ekdahl, manomi, wanda wasu da ba a san ko su wane ne ba..."

Hannun Orpha ya tsaya cak.

"Ba a san ko su wane ne ba?"

"Jera, Orpha."

"Ni na wanke shi, Ansel. Ni na ɗaure masa haɓa da tsumma don kada Karin ta ga haƙoransa a waje. Da bakina na faɗa maka sunayen nan."

"Kin faɗa. To wace kotu ce za ta saurari matar da ko Turanci bai zauna a bakinta ba? Alƙalin nan a gidan Rainey yake cin abincin Lahadi."

"Kai da ka tsaya aka zane ka a kan rigimar gadar katako? Yau an kashe mutum kamar kare, ka ce ba a sani ba?"

"Lokacin ina ganin hannun da ke ɗaga bulalar," in ji shi a hankali. Ya juya mata baya. "Kuma akwai Dell. Ki yi tunani. Jera abin da na ce."

Ta jera, amma ba abin da ya ce ba. Yana faɗar nasa, tana jera nata, ƙarar dalma kuwa iri ɗaya ce a kunne. Ta sa rijiyar, ta sa igiyar, ta sa muƙamuƙin. Ta sa sunan Kanar Rainey, da Hob Stiles shugaban makiyayansa, da Wick Larrabee. Da ta zo kan na huɗu, yatsunta suka je bakin akwatin suka dawo wayam. Ita ta raini Dell bayan uwarsu ta rasu a hanyar zuwa, ita ta riƙa tauna masa abinci tana ba shi. Ta rufe maganar a kan mutum uku.

Da hannunsa Ansel ya ja sandar injin, takarda bayan takarda, yana gumi yana 'yar waƙarsa ta coci. Ya ɗaga ta farko wajen taga, ya kaɗa kai, ya ce, "Ya yi kyau." A nan ne fushin Orpha ya sauka, tsoro ya maye gurbinsa. Ta ci gaba da ninke jaridu.

Washegari Ansel ya fita aski. Tun a hanya ya lura ana cire masa hula, wasu kuma suna tsallakawa ɗaya gefen titi da sun hango shi. Mai aski ya shafa masa kumfa, ya sunkuyo ya ce, "Mista Burdick, kai namiji ne. Ka kira su da sunayensu ƙiri-ƙiri. Askin yau kyauta ne, don ban san ko zan sake ganin wannan wuyan ba." Ansel ya bari aka gama askin. Edita ba ya tambayar mai aski abin da ke cikin jaridarsa.

Ya dawo ofis ya rufe ƙofa.

"Me kika sa a bakina?"

"Gaskiya na sa. Zauna in karanta maka."

"Ajiye ta!" Ya kai wa tebur naushi, kwalbar tawada ta faɗi ta fashe. "Na miƙa miki hannuna kamar makaho da ɗan jagora, ashe rami kike kai ni!"

"Ansel, ka saurare ni, ban sa duk..."

"Na ce ba na son ji! Ba daga bakinki ba."

"To zan je in gaya musu ni ce."

Ya juyo wajen muryarta, fuskarsa ta yi fari fat. "Ranar da kika faɗi haka, ki haɗa da sanarwar mutuwata, don ba zan ƙara fita titi ba." Daga nan bai sake ce mata uffan ba. Ta kai masa wake da burodin masara, ta dawo ta ɗauke su yadda ta ajiye.

Ranar Asabar da safe Dell ya shigo ta ƙofar baya, tana gaban murhu. Ya rame, idanunsa sun yi zuru-zuru, yana ta murza gefen hularsa.

"Yaya, Kanar na zuwa da tsakar rana."

"Ka wanke hannunka kafin ka shigo min kicin?"

"Ni dawaki kawai na riƙe, Yaya, na rantse."

"A sirdin wa aka ɗaura igiyar?"

Ya kau da kai ya ce, "Na ga Ansel bai sa ni ba. Ki gode masa. In sunana ya fito, na mutu. Kanar yana da lauyoyi, Hob yana da Kanar, ni ba ni da kowa. Ranar da aka nemi wuyan da za a miƙa wa igiya, nawa za su miƙa."

"Me za su yi masa?"

"Bulala ce, sai injin. Kanar ba ya son gawa a gaban jama'a. In Ansel ya daure ya sha, zai tashi. Don Allah ki ce ya rufe bakin nan nasa."

Ta so ta mare shi, ta so kuma ta zuba masa abinci. Ba ta yi ko ɗaya ba, ya fita yadda ya shigo.

Rana na tsaka suka iso, mahaya kusan goma, Dell a can baya. Mutanen gari suka fito suka jeru a barandar shaguna, maza da bindigogi a ƙugu, ba wanda ya kai hannu. Sherif kuwa ya tuna yana da aiki a wani ƙauye. Kanar Rainey bai ko sauko daga doki ba. Ya ɗaga jaridar sama.

"Wa ya rubuta wannan?"

Ansel ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa coci, ba bindiga, don ya san ko ya ɗauka ba zai ga wanda zai auna ba.

"Ni ne."

Hob Stiles ya sa gindin bindiga ya doke shi a baki, ya zube. Shi da Wick Larrabee suka ja shi zuwa turken da ake ɗaure dawaki, suka yage kwat ɗin da rigar, suka ɗaure hannayensa. Wasu suka kutsa ofis. Orpha ta tare ƙofa, ɗaya ya hankaɗe ta, kanta ya bugu da dakali. Tana ji suna dukan injin da guduma, injin da suka sha wuya da shi tun daga Ohio, suna fito da akwatunan haruffa suna watsawa a titi, dawaki suna tattakawa.

Bulalar fatar shanu ce, irin wadda ake kora garke da ita. Ta farko ta tsaga bayan Ansel daga kafaɗa zuwa ƙugu. Bai yi kuka ba, sai wani gurnani da ya fito ta hancinsa. Hob yana duka yana ja baya yana gyara tsayuwa kamar mai saran itace. Jini ya fantsama har kan takalman masu kallo. Da bulalar ta naɗe wuyan Ansel ta ɗauke gefen kunnensa, gwiwoyinsa suka saki, igiya kaɗai ke riƙe da shi, Hob kuwa ko alamar gajiya babu. Orpha ta ga in aka ci gaba a haka, a kan turken nan zai cika. Ta tashi da jini a goshi ta faɗa tsakaninsu.

"Ni ce! Ni na rubuta! Ku bar shi, bai san abin da ke ciki ba! Ba ya gani, ya daɗe ba ya gani, ni nake jera masa komai!"

Kanar Rainey ya ɗaga hannu, Hob ya sauke bulala. Murmushi ya bazu a fuskar Kanar, don ya ga abin da ya fi bulala.

"To fa. Mista Burdick, gaskiya Misis Burdick ta faɗa? In haka ne na yi kuskure, ni kuwa ba na dukan mace. Ka ce ita ce, a kwance ka, ta riƙe maka hannu ta kai ka gida." Wasu daga cikin mahayan suka fashe da dariya. "In kuma kai ne, ga jaridar nan. Karanta mana mu ji."

Aka kwance shi. Orpha ta kama hannunsa tana cewa, "Ka ce ni ce, Ansel, don girman Allah ka ce ni ce." Ya zame hannunsa daga nata. Ya dafa turken ya miƙe, ya tofar da jini da guntun haƙori, ya karɓi jaridar. Ya juya ta wajen haske, ya ƙura mata ido.

Ya fara karantawa da muryar nan da yake faɗa wa Orpha magana a ofis, mai ƙarfi, ba gaggawa.

"An kashe Nils Ekdahl a bakin rijiyar da ya haƙa da hannunsa. Ba ɓarayin dawaki ne suka kashe shi ba, kuma duk wanda ya ce su ne ya san ƙarya yake yi. Matsorata ne suka harbe shi ta baya, don ba su da zuciyar kallon fuskarsa. Garin da ya gani ya yi shiru kuwa, shi ma hannunsa na cikin jinin."

Duk wanda ke barandar nan ya karanta jaridar, kuma kowa ya san ba haka aka rubuta ba. Daga kansa yake zubo maganar. Amma ba wanda ya yi ko tari. Mai aski ya cire hularsa. Murmushin Kanar ya fara bushewa.

"Ga sunayensu," in ji Ansel, yana bin takardar da yatsa. "Kanar Rainey, wanda ya ba da umarni. Hob Stiles. Wick Larrabee."

Sunaye huɗu Orpha ta faɗa masa ranar wankan gawa, kuma bai taɓa barinta ta gaya masa nawa ta sa ba.

"Ansel, tsaya nan!"

"Da Dell Yoakum, wanda ya ɗaura igiya a sirdinsa ya ja shi a ƙasa."

"Ƙarya ne!" Muryar Dell ta tsage kamar ta yaro. "Babu ni a ciki! Ku duba, babu sunana a ciki!" Ya zaburo doki gaba, bindiga a hannu. Orpha ta ga bakinsa a buɗe, ta ga hayaƙi, sannan ta ji ƙarar, sau biyu. Ansel ya zauna a ƙasa kamar wanda aka ture, hannayensa biyu a kan ciki.

"Wawa! Jaki!" Kanar Rainey ya daka wa Dell tsawa. "A gaban gari duka?" Ya juya dokinsa, mutanensa suka bi shi a guje. Dell ya tsaya yana kallon yayarsa. Ta kalle shi. Ya saki bindigar ta faɗi, ya kaɗa doki ya nufi kudu shi kaɗai.

Sai a lokacin mazan garin suka samu ƙafafun saukowa. Suka ɗauke shi suka shimfiɗe a kan teburin ofis, tsakanin tawada da gutsattsarin ƙarfe. Likita ya zo ya buɗe hannayen, ya duba, ya mayar da su inda suke. Ya ba shi maganin rage zafi, ya fitar da mutane, ya ja ƙofa.

Orpha ta zauna a gefensa tana goge masa baki. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Ni na kashe ka."

"Rufe min baki," in ji shi. Numfashinsa na fita guntu-guntu. "Jaridar tana nan?"

Tana nan, a dunƙule a hannunsa. Ta zare ta, ta warware.

"Karanta min. In ji abin da na rubuta."

Ta karanta. Ta karanta rijiyar, da wayar, da Karin kwance cikin masara, da tsumman da aka ɗaure haɓa. Yana saurare ido a rufe. A wani wuri ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan layin ya yi tsawo." A wani wurin ya ce, "Wannan ya yi. Wannan ya fi nawa."

Ta zo kan sunayen. Kanar Rainey. Hob Stiles. Wick Larrabee. Daga nan babu komai, sai tallar maganin tari a ƙasa.

Ya buɗe ido yana jira, ya juyo da fuskarsa wajenta.

"Sai wa?"

Orpha ta dubi takardar, ta dubi hannayensa da jini ke tsiyaya tsakanin yatsunsu. Ta sa yatsa a kan farin wurin.

"Da Dell Yoakum," ta ce, "wanda ya ja shi a ƙasa."

Ya saki dogon numfashi. "Yauwa. Ashe daidai na karanta."

"Daidai ka karanta, Ansel."

Ya lalubo hannunta ya riƙe. Ta ci gaba da karanta masa sauran shafin, farashin masara da sanarwar ɓatan alfadari, har ta ji riƙon ya saki.